Lasifikokin falo masu araha: murya ta fito sarai, amma dawowar wuta ta hana mu barci

Kayan sautin da nake magana a kansu su ne irin waɗanda suka cika shagunan kayan lantarki a Babbar Kasuwar Yamai, wato ƙananan lasifikoki 5 da babban akwatin wufa guda (lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri), da kwali mai ɗauke da rubutun 5.1 da alƙawarin wat dubbai. Falona ƙarami ne, bai wuce mita 3 a kan 4 ba, ƙasansa tayil, bangonsa siminti. Na saye su ne saboda mahaifina, wanda ya dawo wurinmu daga Tawa, jinsa kuma ya ragu. Telebijin ɗin zamani siriri ne, lasifikokinsa ƙanana ne kuma suna fuskantar ƙasa, shi ya sa ko an ƙure ƙararsa sai hayaniya ta ƙaru, maganar kuwa ba ta ƙara fitowa ba.

Abin da ya fara faranta mini rai ya faru ne lokacin kokowar takobin ƙasa, wadda tashar telebijin ta Nijar, Télé Sahel, ke nunawa kai tsaye. Na ajiye lasifikar tsakiya daidai ƙasan telebijin, tana kallon kujerar da Baba ke zama, na rage wufar zuwa ƙasa da rabi, domin a ƙaramin ɗaki mai bangon siminti sauti mai kauri yana taruwa a kusurwoyi har ya danne komai. Da aka shiga fili, sai ga muryar mai sharhi ta fito daban, kiɗan ganguna daban, kirarin maroƙa daban. Baba, wanda ya saba juyowa yana tambayar jikokinsa wa aka kira, ya gyara zama ya ajiye carbinsa a kan cinya, ya fara faɗin garin kowane ɗan kokowa tun kafin a rubuta shi a allo. Na ce masa, "Baba, kuna ji sosai?" Ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru, saboda ɗan Tawa ne ke shirin kamawa. Tun daga ranar labarun Hausa ba su ƙara wuce shi ba, kuma a kan wannan kaɗai na ji kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai dai abin da ke jikin kwalin ba gaskiya ba ne, kuma ina so mai saye ya san haka. Wat dubbai ɗin nan ma'aunin PMPO ne, wanda ba shi da wata ƙa'ida tsayayya. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne RMS, wanda ke nuna ƙarfin da na'ura ke iya ci gaba da fitarwa. Idan aka juya bayan akwatin aka karanta wutar da yake ci, za a ga ba ta kai ko wat 100 ba, kuma na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da ƙarfin da ya fi wanda take ja daga bango. Haka ma 5.1 ɗin. Sauti mai hanyoyi 6 na ainihi, irin na Dolby Digital, ta wayar HDMI ko ta wayar haske (optical) yake shiga, wannan akwatin kuwa ramuka biyu kawai gare shi, ja da fari, wato dama da hagu. Saboda haka lasifikokin baya maimaita na gaba suke yi, kuma a falo irin nawa suna kusa da kunne ƙwarai, har na cire su na mayar cikin kwali. Wannan duk na haƙura da shi, tunda na san abin da na biya.

Abin da na kasa haƙura da shi shi ne halin na'urar idan wuta ta ɗauke ta dawo. Ba ta riƙe saitin da aka yi mata ko kaɗan. Da zarar wuta ta dawo sai ta kunna kanta, ta koma Bluetooth, wufar ta koma sama, sannan wata murya ta yi sanarwa da Turanci da ƙarfin da ba a iya ragewa. A lokacin zafi, daga Afrilu zuwa Yuni, kowa a Yamai ya san yadda wuta ke tafiya ta dawo cikin dare. Wani dare muryar ta tashi gidan gaba ɗaya wajen ƙarfe 3, jaririyarmu ta farka da kuka, Baba ya fito daga ɗakinsa cikin duhu a firgice yana salati, yana laluben bango, domin ya ɗauka wani ne ya shigo mana. Mutum mai shekarunsa a kan tayil mai santsi, da ya zame fa? Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci.

Na koma shagon na yi wa mai kayan bayani cikin mutunci. Ya ce, "Alhaji, ai duka haka suke, sai dai ka riƙa zare waya kafin ka kwanta." Musanya kuwa ya ce babu, tunda an buɗe kwali. Yanzu zare wayar muke yi kowane dare, kowace safiya kuma sai an sake saiti daga farko da rimot mai ƙananan maɓallai, wanda Baba ba ya iya gani, ga shi dominsa aka sayi kayan. Ta Bluetooth ma sautin yana makara bayan motsin baki, don haka dole a ci gaba da haɗa kayan da telebijin ta waya.

Ba zan ce kada a saya ba, domin muryar tana fita da kyau. Amma mai ƙaramin falo ya fi dacewa da dogon sandan lasifika mai wufa guda, wanda ke da ramin HDMI ARC, saboda rimot ɗin telebijin ne zai riƙa sarrafa ƙararsa. Kowanne mutum ya zaɓa, kafin ya biya ya sa mai shago ya kunna masa labarai maimakon kiɗa, ya rage ƙara, ya zare wayar daga bango ya sake mayarwa a gabansa, ya ga ko saitin yana nan.