Sola mai inbata 5kVA da batirin litiyom a Birnin Kebbi: abin da yake ɗauka da inda yake gazawa

Haɗin da nake sharhi a kai shi ne wanda ake yawan sakawa yanzu a gidajen Birnin Kebbi, Argungu da Jega: faranti shida masu wat 550 kowanne, inbata (na'urar da ke juya wutar faranti da batiri ta koma irin ta gida) 5kVA mai bolt 48, da batirin litiyom guda ɗaya mai amfiya 100. Na yi aiki da shi bazara biyu, damina biyu da hunturu biyu, a gida mai ɗaki huɗu, da firiza, da rijiyar burtsatse. Kaya ne mai kyau, kuma ya ci kuɗinsa. Sai dai ƙarfinsa na rana ne. Idan rana ta faɗi, iyakarsa abin da ke cikin batiri, kuma a nan yawancin masu saye suke ɓata lissafi.

Lambar 5kVA da ke jikin inbata ita ce take ruɗin mutane. Ba yawan wutar da za ka samu take nufi ba, faɗin ƙofar da wutar za ta bi ne kawai. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne yunit, irin dai wanda ake saye a mita: kayan da ke jan wat 1,000 idan ya yi awa ɗaya yana aiki, ya sha yunit ɗaya.

Faranti shida sun kama wat 3,300. A wannan yanki namu, idan aka dunƙule hasken yini guda, yakan kai kimanin awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, wato yunit 18 a takarda. A kan rufi ba haka abin yake ba. Ana auna ƙarfin faranti ne yana kan zafin digiri 25, alhali a watan Afrilu iskar gari kanta tana haura 40, gilashin kuma yakan wuce 60. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari, don haka zafi kaɗai yana cinye kashi 12 zuwa 14. Ƙara da ƙura da asarar waya da ta inbata, abin da ke shigowa a rana mai kyau yunit 13 ne zuwa 14. Mutane da yawa suna zaton ranar bazara ce ta fi ba da wuta. Haske faranti yake so, ba zafi ba.

Duk da haka yunit 13 ba ƙaramar wuta ba ce. Daga ƙarfe goma na safe zuwa uku na yamma, injin rijiya mai doki ɗaya yana cika tanki, firiza tana ƙanƙara, a yi guga, batiri kuma yana caji a lokaci guda. A wannan ɓangare ba ni da abin kushewa. Sharaɗi ɗaya ne, a sauya wa gida tsarin aiki: guga, tura ruwa, niƙa da injin wanki duk su koma tsakar rana. Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa 1,200. Da rana kyauta ne, da dare kuwa awa ɗayansa rubu'in batiri ce.

To ga lissafin dare. Batirin yana da ƙwayoyi 16 masu bolt 3.2, jimilla 51.2, a ninka da amfiya 100, ya ba da yunit 5.12. Ba a tatse shi ƙarƙaf, ana barin kashi goma, inbata kuma tana cin nata kaso wajen juya wutar. Abin da zai isa soket bai fi yunit 4.2 ba. Yanzu ɗauki daren bazara: fankar sama huɗu, kowacce wat 75, awa goma, yunit 3 ke nan. Firiza ta sha kusan 0.7, ƙwan fitila 0.5, talabijin 0.4. Sannan akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba: inbatar kanta, ko ba a kunna komai ba, tana jan wat 40 zuwa 60, wato kusan 0.6 kafin gari ya waye. An haura yunit biyar. Shi ya sa wutar take ɗaukewa wajen ƙarfe uku ko huɗu, kafin kiran assalatu, daidai lokacin da ɗaki ya fi turara. Mai gida sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali batirin ya ba da duk abin da ke cikinsa.

Maganin da aka fi gaggawar kawowa shi ne a ƙaro batiri na biyu. Ni ban ga haka ba. A fara da fanka. Akwai masu cin wat 30 zuwa 35 da ke ba da iska daidai gwargwado. Huɗu daga cikinsu awa goma ba su wuce yunit 1.4 ba, jimillar dare ta sauko ƙasa da huɗu, batiri ɗaya ya kai ka safiya har da 'yar ragowa. Kuɗin fanka huɗu bai kama ƙafar kuɗin batiri ba. Wanda kuma yake son na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana aiki, ya sani cewa ko mai doki ɗaya irin ta zamani za ta sha yunit huɗu zuwa shida a dare. Wannan aikin batiri biyu ne ko uku, da ƙarin faranti.

Game da litiyom da tsohon batiri mai ruwa, wanda ake kira tubula, zaɓina litiyom ne, kuma zafin Kebbi ne dalili. Tubula huɗu masu amfiya 220 sun haura yunit goma a rubuce, amma rabi kawai ake iya sha idan ana son su daɗe, ka ga an dawo wuri ɗaya. Tubula kuma batirin dalma ne, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana kusan raba rayuwarsa biyu, ga ƙarin ruwan batiri da dole a riƙa yi, wanda in aka kuskura aka zuba na rijiya sai ya kashe shi. Litiyom ma ba ya son zafi. Kada a yi masa caji yana sama da digiri 45, don haka gareji mai rufin kwano ba silin ba wurinsa ba ne. A sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon yamma.

Wajen saye a lura da abu uku. Akwai batiri mai ƙwaya 15 da ake sayarwa da sunan bolt 48. Ba laifi ba ne a kansa, amma yunit 4.8 ne, kuma bolt ɗin cajinsa daban. Mai ƙwaya 16 ana tsayar da cajinsa wajen 56, mai 15 kuwa wajen 53, in aka saita masa na ɗan'uwansa zai riƙa yanke kansa. Na biyu nauyi: batirin gaskiya mai yunit biyar yakan haura kilo 40, wanda ka ɗaga da hannu ɗaya akwai magana. Na uku wayar sadarwa tsakanin batiri da inbata. Bolt ɗin litiyom kusan ba ya motsi daga kashi 80 har zuwa 20, saboda haka in babu wannan waya, inbata hasashe kawai take yi, ka ga layi uku a allo, jim kaɗan wuta ta ɗauke.

Ƙura ita ce babbar hidimar wannan kaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana tare haske tun daga sama, ƙura kuma tana kwanciya a gilashi. Na farko ba yadda za a yi da shi, na biyu kuwa aikin bokiti ne. A wannan lokaci wanki sau ɗaya a mako shi ne mafi ƙaranci. Idan aka bari mako uku, yunit 13 yakan koma takwas ko tara. A wanke da sassafe kafin gilashi ya ɗumama, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba omo, ba soson ƙarfe. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. Kashin tantabara ya fi ƙura illa, domin ƙwayar farantin da ya rufe takan yi zafi har ta ƙone ta bar tabo. Ita ma inbata fankokinta suna zuƙo ƙura ciki, sai a kashe komai a hure ta duk wata biyu, a kuma duba ko zanzaro ya yi gini a ƙofofin iska ko tsaka ta shige.

Yawancin matsalolin da ake ɗora wa kayan, daga wajen sakawa suke. Birnin Kebbi tana wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka faranti su kalli kudu da karkata ta digiri 10 zuwa 15. Ƙasa da haka ruwa ba ya gangarewa da datti. A bar tazarar kamu guda tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. A ɗaure su a jikin katakon rufi, ba a kwano kaɗai ba, domin iskar farkon damina ba ta wasa. Da yake su shidan a jere ake haɗa su, su ba da kusan bolt 300, inuwar tankin ruwa ko reshen dogon yaro a kan guda ɗaya tana janyo sauran ƙasa. Kafin a huda rufi, a tsaya a ga inda inuwa take faɗawa da ƙarfe tara na safe da huɗu na yamma.

Waya kuwa ba wurin tsimi ba ce. Daga faranti, mai kauri 6mm ta jan ƙarfe wadda aka yi don rana. Daga batiri zuwa inbata, 35mm, kuma gajera, saboda idan inbata ta ɗauki cikakken lodi sama da amfiya 100 ke bi ta nan. Akwai wayar sanholo da aka shafa wa jan ƙarfe a kasuwa, in ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Bireka ta ɓangaren faranti da batiri dole ta zama ta DC, wato irin wutar da faranti da batiri ke bayarwa. Ta wutar gida ba ta iya kashe tartsatsin DC, sai ta narke, kuma daga irin wannan gobara take tashi. A sa na'urar kare tsawa a ɓangarorin biyu, a kafa sandar ƙasa mai zurfi, wato ƙarfen da ke kai wutar tsawa cikin ƙasa. Ƙasarmu mai yashi tana bushewa da rani har sandar ta zama ado, shi ya sa ya fi kyau a kafa ta inda danshi ba ya yankewa, kamar kusa da magudanar ruwa.

Janareta fa, a sayar? A'a. A watan Agusta akan jera kwana biyu ko uku hadari bai buɗe ba, wutar yini ta tsaya a yunit biyar ko shida. Wutar layi takan cike giɓin idan akwai ta.   In babu wutar layin, janareta ya yi awa biyu yana cajin batiri a kashe shi, ya fi a bar shi ya kwana yana ruri saboda fanka uku. Ƙaramin janareta wutarsa tana rawa, inbata takan ƙi karɓa. Sai a saita ta ta karɓi wuta ko da bolt ɗinta yana hawa yana sauka, a rage cajin zuwa amfiya 20, wato wat dubu da 'yan kai, wanda mai 2.5kVA zai ɗauka ba tare da shaƙewa ba. Kuma a waje ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Maganar kuɗi, farashin kayan sola yana bin dala, gara kowa ya yi lissafinsa da farashin ranar. Ƙaramin janareta a lodin gida yakan sha kusan lita ɗaya a awa ya ba da yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gidan da ke buƙatar yunit goma a yini yana maganar lita bakwai zuwa goma ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Kafin cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba, a 2024 kuwa ya haura 1,000. Tun daga nan lissafin ya juya, har a fadamun shinkafa, inda manoman rani suka fara neman injin ban ruwa mai aiki da rana.

Wanda buƙatarsa ba ta wuce fitila, cajin waya da fanka biyu ba, wannan haɗi ya yi masa yawa, inbatar za ta riƙa cin wutar da ta kusa kai tasa. Ƙaramar inbata mai bolt 12 ko 24 ta ishe shi. Mai walda da mai injin niƙa kuwa ya yi musu kaɗan. Ya dace da gida matsakaici, da kemis mai firij ɗin magani, da shagon ruwan sanyi da ƙanƙara, inda yawan aikin na rana ne. Ranar da aka gama sakawa, kada a sallami mai aikin sai an kunna lodin dare gaba ɗaya, an karanta wat nawa allon inbata ya nuna, an ninka da awoyin dare, an kwatanta da yunit 4.2. A kuma sa shi ya rubuta saitin caji a takarda a manna a bango kusa da inbatar, domin wasu sukan koma saitin kamfani idan aka sake kunna su bayan gyara.