Kangon asibiti uku, dare uku

Ƙanena ne ya turo mini finafinan a waya, ya ce, "Yaya, in ka cika namiji ka kalle su da daddare." Dukkansu a kangon asibitin masu taɓin hankali labarin ya faru. Na kalla kuwa, dare uku a jere, da abin sauraro a kunne.

Na fara da Gonjiam: Haunted Asylum na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2018. Wasu matasa ne suka kutsa kangon suna watsa komai kai tsaye a intanet, ogansu na zaune a tanti yana ƙirga masu kallo, burinsa su kai miliyan ɗaya ya kwashi kuɗin talla. Rabin farko har hamma na yi. Amma da aka zo inda idanun wata yarinya suka koma baƙi ƙirin ta shiga raɗa da sauri da sauri, ban san lokacin da na fizge abin kunnen ba. Asibitin dai akwai shi a gaske, a lardin Gyeonggi, an rushe shi a shekarar da fim ɗin ya fito, sai dai ba a cikinsa aka ɗauka ba, a wata makaranta ce a Busan.

Grave Encounters na Kanada, na 2011, abu ɗaya ya burge ni a cikinsa: agogo ya nuna safiya amma gari ya ƙi wayewa, aka ɓalle ƙofar fita sai ga wani lungun. Fatalwowin nan masu wangale baki kuwa aikin kwamfuta ne ƙarara, dariya suka ba ni.

Session 9 na darakta Brad Anderson, na 2001, shi ne ya hana ni barci, alhali ko fatalwa ɗaya ban gani a ciki ba. A ainihin asibitin Danvers da ke jihar Massachusetts ta Amurka aka ɗauke shi, ginin da aka buɗe a 1878 aka rufe a 1992, don haka fentin da ke ɓarewa a bango ba kwalliyar 'yan fim ba ce. Mutanen ciki ma leburori ne da suka zo kwashe asbestos, wani kayan gini mai illa ga huhu. Ogansu Gordon, ga jaririya a gida ga rashin kuɗi, ya yi alƙawarin gama aikin cikin mako guda don kada kwangilar ta kuɓuce masa. Duk magidancin da bashi ya taɓa shaƙewa zai gane wannan fuskar. Ɗaya daga cikin leburorin ya tsinci kasakasan hirar likita da wata majinyaciya, Mary Hobbes, yana saurarensu ɗaya bayan ɗaya, murya tana canjawa a bakin mace guda, har aka kai na tara. Yawancin abin ma da rana tsaka yake faruwa. Akwai inda janareto ya mutu, fitilun wani dogon lungu suka riƙa mutuwa ɗai-ɗai a bayan yaron da ke tsoron duhu yana gudu. Tsikar jikina ta tashi sosai.

Aibin Session 9 jan ƙafa. Ƙanena ya ce shi tun a tsakiya barci ya kwashe shi, Gonjiam ne gwaninsa. Ban yi masa musu ba, ban kuma gaya masa cewa a daren na uku da tocila a kunne na kwana ba.