Allon sauti da aka ƙera mini a Maradi: abin da na gani bayan wata huɗu

Sana'ata sauti ce: walima, saukar karatu, wa'azi, wani lokaci har da ɗaukar talla wa 'yan kasuwa. Ina da wani ɗan akwati da na saya na hannu, mai karɓar sauti daga kwamfuta ta USB ya miƙa wa ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti zuwa lasifika. Cikin zafin Afrilu ya fara ciwo. Gefen hagu ya shaƙe kamar mai mura, ga wani gurnani ƙarƙashin murya da ba ya ɗaukewa. Ranar da ya kunyata ni a wata walima a unguwar Zariya, liman na addu'a lasifika na gurnani, na ce to, tura ta kai bango.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa. Ya kwance, ya ɗora mita nan da can, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗago: "Malam, kan nan lafiyarsa ƙalau, bakin ne ya mutu." Wato ɓangaren da ke juya lambobi su zama sauti bai sami komai ba. Ƙaramin allon lantarkin da ke bayansa, mai tace sautin ya ƙara masa ƙarfi kafin ya fita, shi ne ya gama yawo. Ya nuna mini kwandansa biyu, 'yan kayan da ke riƙe wutar lantarki, da suka kumbura kamar ƙosai, da hanyoyin tagulla da wani mai gyara na baya ya ƙone da dalma. Irin allon ba ya samuwa, mun sa an duba har Kano. Sai ya ce zai zana sabo.

Gaskiya na yi shakka. Na ce, "Baba, gyara daban, ƙira daban." Dariya kawai ya yi.

A nan ya burge ni, don bai yi aikin ka-cici-ka-cici ba. Ya fara auna wutar da akwatin ke bayarwa, ya samu volt 15 sama, 15 ƙasa. Ya zaɓi NE5532, ɗan guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sauti, tsohon hannu ne tun ƙarshen shekarun 1970, har gobe yana cikin mikisa da yawa, kuma ya dasa shi a kan soket don in ya ƙone a zare a sa wani ba sai an narka dalma ba. Ya sa matatar sauti mai barin duk abin da kunne ke ji, har zuwa kilohaz 20, ta danne dattin da ke can sama. Ƙarfin fita ya daidaita shi a volt 2, kamar na na'urar CD. Kwandansa kuwa masu jure zafin digiri 105 ya nema maimakon na 85. Ya ce duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin ransu, to ka lissafa da zafin Maradi cikin akwatin ƙarfe.

Abin da na fi morewa shi ne mafitar XLR, irin ta wayar makirfo, da ya ƙara a gefen RCA, mafitar rediyo ta gida. Waya biyu ke ɗauke da sauti ɗaya, guda a juye, don haka hayaniyar da suka kwaso a hanya sai ta kashe kanta a wurin ampili. Gurnanin nan na haz 50, na wutar gida ne, ya ɓace. Na ja waya mita 20 a filin makaranta, da janareta, na kai kunne jikin lasifika: tsit.

Kada dai in yi ƙarya in ce murya ta koma zuma. Yaron aikina ya rantse sauti ya fi daɗi, ni kam abin da na ji shi ne hagu da dama sun daidaita, datti ya tafi. Shi na biya kuɗi a kai.

Akwai inda ya gaza. Ya ce mako guda, sai da na yi sawu uku cikin mako uku. Ramukan kusoshi ba su hau daidai ba, ɗaya da igiyar roba aka ɗaure. Bai ba ni zanen allon a takarda ba, yana cikin kansa, kuma wannan na damuna, don rai na Allah ne. Mafi muni, ya tsallake abin da ke toshe sauti lokacin kunnawa. In ka kunna akwatin alhali ampili na kunne, sai ka ji "bum" kamar an buga ganga, abin da kan iya lalata ƙananan lasifiku. Da na koma, bai yi gardama ba, ya ce laifinsa ne, zai sa rile mai jinkirta fitar sauti daƙiƙa biyu zuwa uku.

Jikka 30 na biya duka da kayan aiki, ban yi da-na-sani ba. Mai irin wannan akwati ya sa a fara tabbatar masa ɓangaren lambobi na da rai, in shi ne ya mutu sabon allo ba zai tashe shi ba. Kuma ya nemi zanen tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Rilen bai iso ba tukuna. Kafin nan na manna takarda a jikin akwatin saboda yara: shi za a fara kunnawa, ampili daga baya, wurin kashewa kuma ampili ne farko.