Shagon sola na bakin kasuwar Tahoua: sun iya aiki, amma a nemi takarda

Duk wanda ya tambaye ni inda zai sayi kayan sola a Tahoua, shagon nan na gefen babbar kasuwa nake nuna masa, na wani Alhaji da ƙanensa mai haɗa wuta. Akwai waɗanda suka fi su araha, kuma akwai halinsu da ban so ba, zan zo kansa. Abin da ya riƙe ni a wajensu shi ne ba su sayar maka da lambar da aka buga a bayan kwali sai sun auna kayan a gaban idonka.

Kowa ya san yadda muka faɗa cikin wannan harka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta yanke layi a farkon Agusta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da muke sha a lokacin daga can yake zuwa. Mu da Maraɗi da Damagaram layin Katsina ne ke ciyar da mu, kuma tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ba za ta ɗauki yankin duka ba. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma wanda ya sha waɗancan dararen bai ƙara yarda ya dogara da waya ɗaya ba. Nan da nan fano, wato faifan sola, da batiri suka cika gari, na ƙwarai da na banza a rumfa guda.

Buƙatata ba ta da yawa. Inna ta tsufa, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40, barci gagararta yake yi in babu fanka. Sai ƙwan fitila, sai cajin salula, don ƙanena da ke ci-rani a Abijan da dare yake kira ta WhatsApp, kamar dai a yawancin gidajen Adar.

Ƙanen Alhaji bai fara da nuna mini kaya ba. Tambayata ya yi me zan kunna, awa nawa, sannan ya yagi kwali ya yi lissafi da biro. Ya ce, "Malam, batirin nan 100 aka rubuta a jikinsa, amma rabi ne naka." Batiri mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe abin da zai ba da wat 1,200 na awa guda, sai dai irin na darma in ana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum ba ya daɗewa. Saura 600 ke nan. Fanka biyu masu wat 20, awa 10, sun ci 400. Ƙwai huɗu masu wat 5, awa 5, sun ci 100. Abin da ya rage na salula ne. Da na kawo zancen firigo, Alhaji da kansa ya ɗago daga kan littafinsa ya ce, "A'a Malam, in na ɗora maka firigo a kan wannan, kafin damina za ka dawo mu ɓata." Mutumin da ya ƙi karɓar kuɗin da aka miƙo masa don kada ya cuce ka, ni a wajena ya gama samun ciniki.

Fanon kuwa waje yaron, wato ƙanen Alhaji, ya fitar da shi cikin rana, ya maƙala masa mita, ya sa na karanta da kaina. Ya kuma ɗauko wani da wani mutum ya sayo a wani wuri ya kawo musu dubawa, girmansu ɗaya, lambar da ke baya ta fi ta nawa, amma a mita bai kama ƙafarsa ba. Wannan cutar ce ta fi yawa a kasuwa yanzu, kuma talaka ba shi da hanyar gane ta da ido.

A gida ma aikin ya yi kyau. Ya fuskantar da fanon kudu, ya ɗan karkata shi, ya bar tazara tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa, domin fano in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Batirin ya hana a ajiye shi a ɗakin kwano, ya kai shi ɗakin ƙasa ya ɗora kan katako. Zafi ne babban abokin gabar batirin darma: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, mu kuwa wata nawa muke ganin 25 da rana? Ya ce wa yara su riƙa goge fanon da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, musamman da hunturu. In an kwana biyu ba a goge ba, fankar Inna kan fara kasala tun kafin asalatu.

To, ga inda suka gaza. Alƙawarin lokaci ba su da shi. In yaron ya ce yana zuwa bayan azahar, ka sa rai da magariba, kuma salularsa ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, kada ma ka je. Na biyu, garanti da baki suke ba da shi. Regilatan da suka sa mini, wato ƙaramin akwatin da ke hana batiri cika fiye da kima ko zuƙewa, ya daina aiki cikin watannin farko. Alhaji ya sauya shi ba musu, amma sai da ya tuna fuskata, don babu wata takarda da ke nuna ranar da na saya. Da yaron shago kawai na tarar, da na biya sabo.

Abu na uku shi ya fi ci mini rai. Tsofaffin batiran da mutane ke maidowa a bayan shagon ake jibge su, wasu sun fashe, ruwan asid ya ƙone ƙasar wurin ta yi fari, ga almajirai suna zama a inuwar katangar suna cin abinci. Darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, mun ji yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Na faɗa wa Alhaji haka gaba da gaba. Ya ce masu saye daga wajen Ƙonni ne ke jinkirin zuwa ɗauka. Na yarda, amma kafin su zo, ɗaki mai ƙofa da kwaɗo bai fi ƙarfinsa ba.

In za ka je, je da hantsi rana na da ƙarfi, don a auna fanon a gabanka, ka tafi da jerin abin da za ka kunna. Kada ka miƙa ko dala sai an rubuta maka takarda mai kwanan wata da lambar batiri da sa hannun Alhaji. In an nema yana rubutawa, maƙwabcina ya nema ya samu.