Na bugo tsohuwar taswirar Afirka a Shomolu, ga yadda aikin ya kasance

Duk baƙon da ya shigo falona a Agege, Legas, sai ya tsaya gaban taswirar nan ya tambaye ni a ina na saya, toh ba saya na yi ba, bugo min aka yi a wani shagon buga takardu a Shomolu, wata uku kenan, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda muka yi da su saboda wanda zai je ya san abin da zai nema.

Taswirar ta Willem Blaeu ce, mutumin Amstadam a ƙasar Holan, ya fara buga ta a 1617. Ɗan yayana ne ya nuna min ita a waya wata rana da daddare, yana ta jan hoton da yatsa har muka zo wajen ƙasarmu, sai ga Cano, Zegzeg, Zanfara, Guber, Borno, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, shekara ɗari huɗu da suka wuce wani a bakin teku a Turai yana sassaƙa sunan Kano da Zazzau a jikin farantin jan ƙarfe, kuma a juye yake sassaƙawa don in an danna takarda ya fito daidai. Shi Blaeu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, sunayen nan daga littafin Hasan al-Wazzan suka samo su, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an buga shi a Benis a 1550. A daren na ce sai na rataye ta a gida.

Shagon a wani lungu yake, janareto na ta ƙara, ƙamshin tawada tun daga bakin titi. Mai shagon ya karɓe ni da mutunci, Alhaji zauna Alhaji ga ruwa, muka yi ciniki a kan ƙafa 4 a tsawo, ya ce in dawo bayan kwana biyu. Na sha gosulo na koma, abin da na tarar raina ya ɓaci sosai. A kan fileks suka buga, irin na banar biki da ta siyasa, yana ƙyalli, kuma hoton da aka tura musu ta WhatsApp shi suka buɗa haka nan, duk ƙananan rubutun sun narke, Cano ta zama tabo kawai. Abin da ya fi ci min rai sun yanke gefe da gefe wai don ta shiga girman da na ce. Alhali gefen nan rabin kyan taswirar ne, hotunan mutanen Afirka ne bibbiyu cikin tufafinsu, sama kuma birane tara a jere, akwai Alkahira, Iskandariya, Tunis, Aljiyas, har da Elmina ta Gana, wadda 'yan Holan ɗin suka ƙwace daga hannun 'yan Fotugal a 1637. Na ce masa oga ni ba bana na zo yi ba, rubutun nan shi na biya wa kuɗi.

Gaskiya a nan ya burge ni, bai tsaya gardama ba. Ya ce a kawo masa babban fayil a filash, kada a sake turowa ta waya don waya na matse hoto. Ɗan yayana ya sauko da babba daga intanet, aka fara buga min guntu ɗaya kamar tafin hannu, daidai wajen Kano, na duba na karanta kowane harafi, sannan aka buga gaba ɗaya a kan kanbas marar ƙyalli. Kuɗin kanbas kawai na ƙara. Don Allah duk wanda zai yi irin aikin nan ya nemi gwajin guntun nan tukuna kafin su saki inji.

Na biyun ya fito tas. Launin takardar ya yi ja-ja kamar tsohon littafin allo, iyakokin masarautu da kore da rawaya da ruwan hoda, dama asali da hannu ake shafa musu launi ɗaya bayan ɗaya bayan an buga da baƙar tawada. Ga giwaye da zakuna da jiminai a tsakiyar ƙasa, ga jiragen ruwa a teku. Kurakuran ma suna fitowa sarai, ni kuma su na fi tsayawa a kai, kogin Kwara sun zana shi a miƙe yana tafiya yamma ya faɗa teku ta wajen Senigal, don a lokacin Turawa ba su san inda yake ƙarewa ba, sai 1830 'yan'uwan nan Lander suka bi shi a kwalekwale har bakin teku a kudancin ƙasar nan. Bakin gaɓa kuwa ya yi daidai ƙwarai, sunaye cunkus a jere, saboda nan ne jiragensu ke zuwa ciniki, har da mugun cinikin bayi, wannan kuma ba na mantawa in na kalli jiragen.

Da can irin taswirorin nan kayan masu hannu da shuni ne. Ɗan Willem ɗin, Joan Blaeu, ya fitar da babban kundin taswirori a 1662, mujalladi 11, taswira kusan 600, mai launi gilda 450, kuɗin Holan na lokacin, ake sayar da shi, babu littafin da ya kai shi tsada a zamanin. Gobara ta cinye maɗaba'arsa a 1672, shi kuma ya rasu shekara mai zuwa. Manyan taswirorin bango na zamanin kuwa takardu da yawa ake haɗawa a manna a jikin yadi a sa sanda sama da ƙasa, hayaƙi da danshi suka cinye mafi yawansu, kaɗan suka rage.

Danshin nan shi ne damuwata a Legas. Firam ɗin da suka yi min katakon mai kyau ne amma bayan kwali suka sa, damina na sauka ya fara kumbura a kusurwa ɗaya, sai da na kira kafinta a unguwa ya canza shi da filawud ya bar 'yar tazara tsakaninta da bango. Kuma sun ce Laraba, sai Asabar na karɓa. Ban da wannan biyun zan sake komawa wajensu, don yanzu haka maƙwabcina, dattijo ne ɗan Katsina mai sayar da shanu a abatuwa, ya sa tabarau ya gano Cassena da kansa, ya ce Alhaji ni ma a yo min irinta, mun yi da shi ranar Litinin zan raka shi da filash ɗin.