Google Docs a hannun ɗalibin da zai rubuta maƙalar rayuwarsa

A shekarar farko ta jami'a, cikin darasin GST 111 na koyon amfani da Turanci, malamai kan ba da aikin rubuta maƙala a kan wani abu da ya faru da ɗalibi shi kansa. Masu neman gurbin karatu a Amurka ta Common App, dandalin intanet na neman shiga jami'o'i, su ma irin wannan maƙala ake nema daga gare su, kuma ba a yarda ta wuce kalmomi 650 ba. Manhajar da ta fi kusa da hannun ɗalibi domin wannan aiki ita ce Google Docs, tunda duk mai Gmail yana da ita kyauta, cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa tsakanin Gmail da Drive da Photos. A wajen maimaita daftari da gyara, da wuya a samu kyautar da ta kai ta. A wajen shirya tunani kafin a fara rubutu kuwa, taimakonta kaɗan ne.

Idan ka buɗe sabon shafi, fari fat za ka gani, babu abin da zai tambaye ka labarin me za ka bayar. Manhajojin rubutu da ake saye da kuɗi irin su Scrivener suna da allon ƙananan katuna da ake jerawa a sake jerawa. Docs ba ta da wannan. Ga shi kuma maƙalar rayuwa tun daga zaɓin batu take lalacewa. Ɗalibi ya ɗauko tarihinsa daga firamare har zuwa jarrabawar JAMB, ya ce zai cusa shi cikin shafi biyu, sai abin ya koma jerin makarantu da shekaru. Wanda ya ɗauki yini guda, misali ranar da mahaifinsa ya fara barin sa shi kaɗai a shago ya tafi jana'iza, ya fi shi samun abin faɗa: wa ya fara shigowa, nawa ya taya, me yaron ya yi da aka nemi ragi bai san iyakar da ake ragewa ba. Wannan zaɓi a takarda da biro ya fi sauri. Ka jera abubuwa goma da suka faru da kai, ka soke duk wanda ba ka tuna wurin da maganar da aka yi ba, ka ɗauki ɗaya cikin waɗanda suka rage.

Daga nan ne Docs take fara amfani. A kwamfuta, ka rubuta sassan maƙalar a layi-layi, ka mayar da kowanne kan magana da Ctrl+Alt+2, sai su bayyana a gefen hagu a jere, kana danna ɗaya ya kai ka wurinsa. Ga maƙalar kalmomi 700, kason da ke aiki shi ne kamar 80 na buɗewa, 350 na abin da ya faru, 200 na abin da ka fahimta daga baya, 70 na rufewa. Ka rubuta adadin a jikin kowane kan magana. Amfaninsa shi ne ka gane da wuri idan gabatarwa ta cinye kalmomi 250 alhali mai saye bai ma shigo shagon ba, wanda shi ne ciwon da ya fi damun masu sabon hannu. Tun 2024 an ƙara damar buɗe shafuka daban-daban cikin fayil guda, don haka za ka iya ajiye tarkacen tunani a ɗaya, daftari a ɗaya. Kafin miƙawa dai a goge waɗannan kanun, domin maƙalar rayuwa ba rahoto ba ce.

Ƙidayar kalmomi tana Ctrl+Shift+C, kuma akwai akwatin da za ka danna adadin ya zauna a ƙasan allo yana motsi yayin da kake rubutu. Idan ka zaɓi sakin layi ɗaya, nasa adadin zai ba ka. Ba ta ƙirga abin da ke saman shafi da ƙasansa, haka ma ƙarin bayanin ƙasan shafi. Amma sunanka da lambar rajista da sunan darasi, in a cikin jikin rubutun ka sa su, duk za ta haɗa.

Inda ta fi cancantar yabo shi ne tarihin gyare-gyare. Docs tana ajiye aiki da kanta, tana kuma riƙe yadda rubutun yake a lokuta daban-daban, da kwanan wata da sa'a. Ctrl+Alt+Shift+H ke buɗe shi. Matsalar ita ce jerin yana da tsawo, kuma ƙananan gyare-gyare ana dunƙule su wuri guda, don haka neman jimlar da ka goge ranar Talata kan zama neman allura cikin ruwa. Maganin shi ne sanya wa muhimman matakai suna, kuma ana iya sanya wa har 40 a fayil guda. Uku sun isa: daftarin farko da zarar ka kai ƙarshe, na biyu bayan ka gyara tsari, na uku bayan wani ya karanta. Wannan yana canja yadda mutum ke gyara. Ɗalibai da yawa suna barin sakin layin da suka san bai dace ba don kawai sun sha wahalar rubuta shi, suna tsoron in sun cire ba za su iya maido da shi ba. Da tarihin gyara, sai ka cire shi gaba ɗaya, ka karanta maƙalar ba shi, in ta rame ka dawo da shi. Sau da yawa sakin layin farko ne ke tafiya, wanda ke fara da bayanin cewa rayuwa cike take da darussa, sai a ga ainihin maƙalar daga na biyu ta fara. Wannan aiki a kwamfuta ya fi sauƙi, ko da aron ta aboki ce ko ta ɗakin karatu.

Tarihin yana da amfani na biyu a wannan zamani da malamai ke zargin an sa na'ura ta yi aikin. Rubutun da ya taso a hankali cikin kwanaki, da gogewa da sakewa, yana da shaida. Wanda aka liƙa gaba ɗaya cikin minti guda shi ma tarihin zai nuna hakan. Saboda haka a cikin Docs ɗin za ka yi rubutun tun farko, kada ka rubuta a WhatsApp ko wata manhaja sannan ka kwaso. Game da Gemini, manhajar AI mai yi wa mutum rubutu, da Google ke cusawa cikin Docs kuwa, a wannan aiki ba shi da abin bayarwa: bai san shagon ba, bai san muryar mahaifinka ba, abin da zai fitar kowa zai iya sa sunansa a kai.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma ya fi shafar irin wannan maƙala fiye da kowace. Duk wanda ka ba izinin gyara, wato “Editor”, yana iya buɗe tarihin ya karanta abin da ka goge. A daftarin farko mutum kan rubuta abin da bai kamata ya fita ba: rikicin gado, rabuwar iyaye, sunan kawun da ya ci amana. Ka goge, ka tura wa ɗan ajinku da cikakken izini, shi ke nan sirrin gida ya fita. Abokin karatu izinin “Commenter” ya dace da shi. Da shi zai iya barin sharhi, ya kuma ba da shawarar gyara da za ta fito da wani launi, kai ne mai amincewa ko ƙi. In za ka miƙa wa malami ta intanet, ka yi kwafin fayil ɗin, domin kwafi ba ya ɗauko tarihin, ka riƙe na asalin a matsayin shaida in an nema. Haka nan sharhin da ba ka share ba yana bin fayil ɗin idan ka sauke shi a tsarin Word.

Mai duba kuskuren rubutu matsakaici ne. Jan layi na kuskuren harafi ne, shuɗi na nahawu. Ka fara shiga “File” sannan “Language” ka zaɓi Turancin Birtaniya, wanda makarantunmu ke bi, in ba haka ba za ta yi ta jan layi a ƙarƙashin kalmomin da suke daidai. Sunaye da kalmomi irin su kunu, almajiri, Kantin Kwari ma kan sha jan layi. Ka saka su cikin ƙamus ɗinka na manhajar su huta, kada ka bari ta musanya maka su. Shawarwarin nahawu suna kama ƙananan abubuwa, amma babban kuskuren masu ba da labari, wato fara labari da sigar abin da ya wuce a tsallaka zuwa ta yanzu a tsakiya, sau da yawa yana wuce ta. Karanta maƙalar da babbar murya ya fi kama shi. Idan ka sa maganar wani da Hausa a ciki, haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna nan a allon Gboard na Hausa a waya, a kwamfuta kuma a “Insert” sannan “Special characters”.

Batun rashin sabis: tana aiki ba intanet, amma sai ka shirya tun da sauran data. A waya, ka danna ɗigo ukun da ke gefen fayil ɗin ka zaɓi ajiye shi don amfani ba intanet. A kwamfuta sai da Chrome ko Edge da ƙarin manhajar Google Docs Offline, a kuma kunna ta cikin saitin Drive. Wanda ya jira sai sabis ya ɗauke a daren ƙarshe ya makara. Kada kuma ka gyara fayil guda a waya da kwamfuta duka ba intanet, domin idan suka haɗu gyaran na iya cakuɗewa.

Tsarin shafi shi ne inda waya ke ba da kunya. Sabon fayil yana zuwa da Arial mai girman 11 da tazarar layi 1.15, alhali malamai da yawa Times New Roman 12 da tazara biyu suke nema. Girman takarda ma a duba shi a “Page setup”, domin wani lokaci a kan na Amurka yake, mu kuwa A4 muke bugawa. A waya rubutun yana bin faɗin allo, ba ka ganin inda shafi ya ƙare sai ka kunna “Print layout”. In za ka kai shagon buga takardu, ka sauke shi a PDF, ba a tsarin Word ba, saboda kwamfutar shagon na iya sauya tazara ta tura layi biyu na ƙarshe zuwa sabon shafi. Ka buɗe PDF ɗin a wayarka kafin ka biya, ka duba cewa haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai, kuma lambar rajistarka tana shafin farko.