Ƙamus ɗin Merriam-Webster a Ma'aunin Kalma Ɗaya: "Indelible"

Ba a sanin ingancin ƙamus da yawan kalmomin da ke cikinsa. Ana gane shi ne idan aka ɗauki kalma guda mai zurfi aka bi bayaninta daga farko har ƙarshe, a ga ko mai karatu zai tashi da abin da zai iya amfani da shi a rubutunsa. Da wannan ma'auni na auna ƙamus ɗin Merriam-Webster na intanet, kuma kalmar da na zaɓa ita ce "indelible", sifar da masu Turanci ke ba duk wata alama da ta zauna daram ta ƙi goguwa, irin abin da Bahaushe zai kira zanen dutse.

Ƙamus ɗin ɗan Amurka ne, kuma yana da daɗaɗɗen tarihi. Tushensa shi ne babban ƙamus ɗin da Noah Webster ya wallafa a 1828, wanda bayan rasuwarsa a 1843 wasu 'yan'uwa biyu, George da Charles Merriam, suka sayi haƙƙin buga shi. Har yanzu cibiyar kamfanin tana birnin Springfield na jihar Massachusetts, kuma tun 1996 kowa ke iya duba kalmomi a cikinsa ta intanet kyauta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya rarrabe ma'anonin kalmar, domin a nan ne ƙananan ƙamus da dama ke yin gaggawa su dunƙule komai wuri ɗaya. Ma'ana ta farko ta shafi ita kanta alamar, wato tabo ko rubutu da ba a iya cirewa, ko a wanke, ko a kankare. Daga nan sai ya kawo wata ma'ana da mai koyo zai iya wucewa bai lura ba: kalmar tana kuma siffanta abin da ke yin alamar, ba alamar kaɗai ba. Idan aka ce "indelible pencil", ba ana nufin fensirin ne ba ya goguwa ba, ana nufin rubutun da yake bari ne ke da wuyar gogewa. Irin wannan fensir ya wanzu da gaske, ana haɗa shi da rini mai launin shunayya, kuma da zarar danshi ya taɓa rubutunsa sai ya koma kamar tawada ya kama takarda. Wannan bambanci tsakanin mai yin alama da alamar da aka yi ƙarami ne a ido, amma shi ne ke hana mai fassara yin tuntuɓe.

Na kuma yaba da yadda a wannan ma'ana ta biyu bayanin bai ce alamar ba ta fita har abada ba, cewa ya yi ba ta fita cikin sauƙi. Wannan taka-tsantsan ya dace da gaskiya. Misali mafi shahara shi ne tawadar da ake shafa wa masu zaɓe a yatsa don hana jefa ƙuri'a sau biyu, wadda ƙasar Indiya ke amfani da ita tun babban zaɓen 1962, kuma kamfanin Mysore Paints and Varnish ne ke sarrafa ta. Sinadarin azurfa da ke cikinta yana kama fata ya yi duhu idan haske ya same shi, ta yadda sabulu da ruwa ba sa taɓuka masa komai. Duk da haka tabon yakan dishe yayin da fata ke sabuntawa, wanda ya hau farce kuwa yana nan sai farcen ya tofo an yanke shi. Ashe "indelible ink" tana da wa'adi, sai dai ba hannun mutum ne ke kawo ƙarshenta ba.

Rukuni na biyu na ma'anonin ya bar takarda da fata ya koma cikin zuciya: tunanin da ya daɗe bai gushe ba, da kuma abin da ba a mantawa da shi. A rubutun jarida da adabi wannan ne amfani mafi yawa. Za a ce malami ya bar "an indelible mark" a rayuwar ɗalibansa, ko kuma yaƙi ya bar shi a zukatan waɗanda suka tsira. Kalmar ba ta ɗaukar ɓangare, tana hawa kan alheri kamar yadda take hawa kan tabon baƙin ciki, jumla ce kawai ke nuna inda ta karkata.

Sashen asalin kalma gajere ne, amma yana da amfani sosai. Ya nuna cewa daga Latin ta fito, inda aka haɗa ɗafa-goshin "in" mai kore ma'ana da aikatau "delere", wato shafewa ko rusawa. Wannan saiwa ce ta haifi "delete" da kowa ke gani a kwamfuta da waya. Wanda ya riƙe wannan dangantaka ba zai ƙara rikita kalmar da "inedible" ba, wadda ke nufin abin da ba ya ciwuwa, kuskuren da kamannin haruffa ke jawowa. Akwai kuma maɓallin sauraren furuci, inda ake jin gaɓoɓi huɗu da nauyin murya a kan ta biyu, sannan an kawo bayanau "indelibly" da suna "indelibility".

Inda ƙamus ɗin ya gaza biyan bukatar mai koyo shi ne wajen nuna iyakar kalmar. An tsara shi ne don wanda Turanci ya riga ya zauna masa, saboda haka bai tsaya ya bayyana cewa "indelible" ba ta shiga ko'ina da "permanent" ke shiga ba. Ana cewa aiki ko mazauni "permanent" ne, amma babu mai jin Turanci da zai kira su "indelible", domin ita wannan kalma tana bukatar a sami wani abu mai kama da tabo, ko zane, ko hoto da ya kafu a kan wani abu. Abokan tafiyarta kaɗan ne, kuma sanannu: "mark", "impression", "ink", "stain", "memory", "image". Mai karatu zai iya tsinto wannan daga misalan jumloli da aka jera a ƙasa, sai dai yawancinsu daga jaridu da mujallu aka ɗebo su, wasu kuma suna da tsawo da nauyin da zai sa mai koyo ya sake komawa neman ma'anar wasu kalmomi uku kafin ya fahimci guda ɗaya. Haka nan alamomin furuci da ake rubutawa na kamfanin ne na kansa, ba tsarin ƙasa da ƙasa da ɗaliban kimiyyar harshe suka saba da shi ba, kuma lafazin na Amurka ne.

Ga mai fassara, da ɗan jarida, da malamin da ke son sanin ainihin inda ma'ana ta rabu biyu, ina ba da shawarar wannan ƙamus da zuciya ɗaya. Wanda kuwa yake matakin koyon gina jumla, ya fi masa kyau ya haɗa shi da ƙamus ɗin da aka yi musamman don masu koyo, irin su Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ke amfani da alamomin furuci na ƙasa da ƙasa, yake kawo lafazin Ingila da na Amurka tare, kuma yake nuna kalmar cikin gajerun misalai kusa da kalmomin da ta saba tafiya da su.